In sayar da rabona na gidan gado in koma Kumasi?

Wasiƙar wannan makon daga Tudun Wada ta fito, nan cikin Kaduna. Na taƙaita ta:

"Assalamu alaikum, Baba. Ni mai walda ne, rumfata tana Panteka. Shekarata 38, ina zaune a gidanmu na gado da Inna da maiɗakina da yara uku, babban yana aji huɗu na firamare. Aiki ya tsaya saboda wuta, ɗan abin da na samu janareta ke shanyewa. Ɗan kawuna ya shekara tara a Kumasi, kullum yana kirana in koma can. Ya ce wuta tsaye take, asibiti da kati ake zuwa, sakandare kyauta ce, mutum ya yi tafiyar dare ba fargaba. Maiɗakina ta fi ni matsuwa, tun da muka rasa jariri wajen haihuwa bara. Kuɗin tafiya da na kama wuri ba ni da su, sai in na sayar wa yayana rabona na gidan. Inna ba ta hana ba, amma tun ranar da na yi maganar ba ta ƙara zama hira da ni ba. Baba, da gaske Gana ta fi mu daɗin zama? In tafi?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin komai, Allah ya sa jaririn mai ceto ne, ya ba maiɗakinka lafiya da haƙuri, kai ma ya sanyaya maka.

Ba zan yi maka irin maganar nan ta 'yan majalisar bakin titi ba, masu cewa ai duk Afirka ɗaya ce, ko'ina wahala. Ba ɗaya ba ce. Ɗan kawunka bai shirga maka ƙarya ba, rabin labarin dai ya ba ka, kuma rabin da ya ba ka gaskiya ne.

Ɗauki wuta, tunda ita ce ta riƙe maka maƙogwaro. A Gana sama da mutum 80 cikin 100 suna da lantarki, mu nan wajen 60 ne, kuma a cikin 60 ɗin har da kai da waya ta iso rumfarka amma babu abin da ke bi ta cikinta. Ba sai na tuna maka Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta kwashe kwana da kwanaki a duhu. Na shiga Panteka a kwanakin nan neman mai gyara mini hannun ƙofa. Wurin da in ka shiga sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, na same shi ana jin kukan kaza. Yara masu koyon aiki suna zaune a kan tulin ƙarfe suna dara da tsakuwa, ƙofofi rabi da rabi a jingine, wani maigida yana lissafa a tafin hannunsa ko lita biyu za ta gama masa taga ɗaya. Don haka na san abin da kake nufi da aiki ya tsaya. Su ma Ganawa sun ɗanɗana tasu. Daga 2012 zuwa 2016 wuta ta yi musu irin tamu har suka raɗa mata suna dumso, wato kashe-kunna da harshen Tuwi, duk da madatsar Akosombo da Nkrumah ya gina musu tun 1965. Bambancin shi ne sun fita daga cikinta, ko da yake takan leƙo lokaci zuwa lokaci. Wutar can da tsada, kuma sai ka biya kafin ka sha. Amma ga mai walda, wuta mai tsada da ke nan ta fi mai araha da ba a gani.

Maganar asibiti ta fi wannan nauyi, kuma a nan ne ratar ta fi ba ni kunya. Gana ta yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 2003, zamanin Kufuor, sannan a 2008 aka mai da awon ciki da haihuwa kyauta a ƙarƙashinta. Binciken lafiya da suka yi a 2022 ya nuna yaro 40 cikin kowane 1,000 ke rasuwa kafin ya cika shekara biyar. Namu na 2018 ya nuna 132, kuma mu nan Arewa maso Yamma muna cikin waɗanda suka ja adadin sama. In aka yi kiyasin tsawon rai, mutumin Gana ya ba ɗan Najeriya tazarar wajen shekara goma. Ajali na Allah ne, babu mai ja. Amma Allah ya sanya sababi, kuma jinin da ke ajiye a asibiti da ungozomar da ke bakin aiki ƙarfe biyun dare suna cikin sababin. In maiɗakinka ta ce can ya fi, ba son zuciya ba ne.

Tsaro ma haka. Mu da muka ga abin da ya sami jirgin ƙasan Abuja a Maris ɗin 2022, muka ga an kwashi 'yan makaranta a Kuriga a Maris ɗin 2024, muka san yadda ake sallama da iyali kafin a kama hanyar Birnin Gwari, ba mu da bakin musu. Suna da 'yan fashi, suna da rikicin Bawku da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a arewacinsu, amma kwasar mutane garke guda a kai daji ba ta zama abin yau da gobe a wurinsu ba. Tun daga zaɓen 2000 sau huɗu mulki yana sauya hannu tsakanin manyan jam'iyyunsu biyu, ba tare da ƙasa ta kama da wuta ba.

To, wannan ita ce amsar tambayarka ta farko. Ta biyun fa, wato ko ka tafi, ba ta rataye a jikin ta farkon ba kamar yadda kake zato.

Duk alherin nan da na lissafa, an ɗinka shi ne daidai jikin ɗan ƙasa. Kai baƙo za ka je. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka damar shiga ba biza ka zauna kwana 90. Bayan nan sai da takardar zama, sai da izinin aiki, sai da katin shaidar baƙi wanda da dala ake yanka kuɗinsa kuma ana sabunta shi. Sakandaren kyautar da aka fara a 2017 don 'ya'yan Gana aka yi ta, kuma babban ɗanka yana aji huɗu, tsakaninsa da ita akwai shekaru. Katin asibitin ma ba ya ɗaukar kowace cuta da kowane magani, su kansu Ganawa suna kukan ana sa su ciko daga aljihu, suna kukan rashin gado a manyan asibitoci.

Sai haya. Ina so ka karanta wannan sau biyu, don kai ba ka taɓa biyan haya ba a rayuwarka. Dokarsu ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba. A aikace, a Akara da Kumasi, kuɗin shekara ɗaya ko biyu ake dire wa mai gida kafin ya miƙa makulli. Kuɗin rabonka na gado, wanda babanku ya tara tubali bisa tubali, zai iya tafiya a hayar ɗaki biyu da ɗan wurin aiki na shekara biyu. Ran da suka cika, mai gida zai ƙwanƙwasa ƙofa, kai kuma ba ka da wani gidan da za ka sake sayarwa.

Ka kuma san cewa dokar zuba jarinsu ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa na cikin kasuwa ga 'yan ƙasa, har da aski da gyaran gashi, ta kuma ce baƙon da zai yi harkar sayar da kaya ya zo da jarin dala miliyan ɗaya ya ɗauki Ganawa 20 aiki. Da wannan dokar ƙungiyar 'yan kasuwarsu ta riƙa garƙame shagunan 'yan Najeriya a 2019 da 2020. Har Suwame abin ya kai, wato Pantekarsu ta Kumasi, inda makanikai da maƙera da masu kayan mota suka taru, wuri mai girman da ya ninka tamu. Walda ba ta cikin jerin sana'o'in da aka hana, amma mai zuwa da kwaɗo a hannu ba ya tsayawa karanta doka layi-layi. Kuma a Suwame akwai masu walda da aka haifa a wurin, suna da iyayen gidansu da yaransu da masu kawo musu aiki, da Tuwi suke ciniki. Ba jiran ka suke yi ba.

Kada kuma ka ɗauka tattalin arzikinsu dutse ne. A Disambar 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100 a Gana, gwamnati ta ce ba za ta iya biyan bashin waje ba, kuɗinsu sidi ya zube a shekarar, har a farkon 2023 tsofaffin da suka zuba kuɗin fanshonsu a takardun lamunin gwamnati suka riƙa zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi. Sai da suka karɓi rancen dala biliyan 3 daga asusun ba da lamuni na duniya, IMF, a 2023. A shekarar ce mu ma aka cire mana tallafin mai aka saki naira, muka sha tamu. Su tun 2015 suka sakar wa kasuwa farashin mai.

Bari in ba ka wani labari, tunda lokacin ba a haife ka ba. Ina saurayi, akwai wani malamin lissafi mutumin Gana da ke haya a unguwarmu. A lokacin Gana ce a ƙasa, mu ne a sama da kuɗin fetur. Malamai da teloli da masu gyaran takalma daga can suka cika garuruwanmu. A farkon 1983 gwamnatin Shagari ta ce baƙi marasa takarda su fice, wajen mutum miliyan ɗaya 'yan Gana suka kama hanya. Ina ganin malamin nan ya shimfiɗa kayansa a ƙofar gida yana karyar da su: rediyo, fanka, katifa, dutsen guga. Littattafansa ya rarraba mana. Ya cusa abin da ya rage a buhun nan mai zanen dara da har yau muke kira da sunan ƙasarsa, ya tsaya yana kallon ɗakin, ya ce da gurguwar Hausarsa, alhamdu lillahi bai sayar da ɗakin uwarsa na can ba. Kafin wannan kuwa, a 1969, gwamnatin Busia ce ta kori baƙi daga Gana, Hausawa da Yarabawa da yawa suka dawo da abin da hannu zai iya ɗauka, wasunsu a can aka haife su. A cikin rayuwar mutum ɗaya ƙasashen nan biyu sun yi musayar wuri, kowacce ta kori 'ya'yan ɗayar. Wadda ke sama yau ba ta rubuta wa kowa alkawari ba.

Ba ina tsorata ka da Kumasi ba ne. Na je, kuma na so ta. Da asuba a Aboabo na sha koko da ƙosai a hannun wata dattijuwa da ta gaishe ni da Hausa, irin tasu ta zango mai ɗan gishirin Tuwi. Shinkafa da waken da duk Gana ke ci suna kira wace, sunanmu ne. Tuwon zafi ma namu ne. Kakanninmu fatake sun yi ƙarnuka suna bin hanyar Gwanja da Salaga ɗaukar goro, su suka kafa zangon nan, kuma Musulmi kusan ɗaya ne cikin biyar na mutanen ƙasar, ba za ka rasa masallaci da liman da makarantar allo ba. Amma zango ba shi ne unguwar masu hali ba. Cunkoso ne, da layin banɗaki, da kwatar da ke bi ta ƙofar gida, har sai da gwamnatinsu ta kafa ma'aikata ta musamman don raya zangonni a 2017. Alƙalumman da na karanto maka na ƙasa ne gaba ɗaya. Kai ba a cikin alƙalami za ka sauka ba, a wani lungu za ka sauka, a wani ɗaki.

Yanzu juyo ka dubi abin da kake da shi, wanda ka daina gani don ka saba. Ba ka biyan haya. Inna tana riƙe yara in maiɗakinka ta fita. Mai sayar da ƙarfe yana ba ka bashi don ya san babanka. Wanda ka yi wa ƙofa shekara biyar da suka wuce shi ke turo maka ƙaninsa. In kaka ta yi, akwai wanda zai sauke maka buhun masara daga Soba ko Lere a farashin gida. In wani abu ya same ka da tsakar dare, gida nawa za ka buga a Tudun Wada a buɗe maka? Babu mai sa wannan a lissafin ƙasashe, amma shi ne ya riƙe ka a shekarun nan da wuta ta yi maka rowa. Ɗan kawunka shekara tara ya yi kafin ya gina nasa a can, in ma ya gina.

Na ce in ma ya gina, don akwai abin da ya kamata ka sani game da mutanenmu da ke waje. Mai kira a waya daga nesa ba ya ba da labarin ranar da ya kwana da yunwa. Wani ma kewa ce ke damunsa, yana son ɗan'uwa kusa, kuma wannan ba laifi ba ne. Ba na zarginsa. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne.

Shawarata ita ce ka je, amma kai kaɗai, kuma kada ka taɓa gidan. Ka nemi kuɗin mota ta wata hanya: kwasar adashi, ko ka sayar da wani injin da za ka iya sake saye. Ka yi fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, ka yi allurar rigakafin shawara ka riƙe katinta, don za a tambaye ka a iyaka (ka ga shawara biyu ke nan ka samu a wurina yau). Hanyar Legas, Seme, Kwatano, Lome, Aflawo, Akara, sannan Kumasi, iyaka uku ce da kuɗi iri uku, naira da sefa da sidi, ka canza kaɗan-kaɗan. Ka bar babba cikin yaran aikinka a rumfa kada masu kawo aiki su watse. Ka yi wata biyu, ka dawo kafin kwana 90 su cika.

In ka isa, ka kwana inda ɗan kawunka ke kwana. Ka ce ya nuna maka takardar zamansa da rasit ɗin hayarsa. In ya fara kame-kame, ka sami amsa. Ka yini a Suwame da wuraren masu walda na zango, ka ga nawa ake biyan ƙofa, nawa ake sayen ƙarfe, nawa wuta ke ci a wata. Kada ka riƙa juya sidi zuwa naira a kanka kana murna, wannan lissafin yaudara ne. Abin da za ka auna shi ne kwana nawa na aiki ke biyan ɗaki, kwana nawa ke ciyar da mutum biyar, sannan me ya rage. Ka nemi ɗan Najeriya da ya kai iyalinsa can ka tambaye shi yadda ya sa yara a makaranta, da abin da ya biya ranar da matarsa ta haihu. Ka nemi kuma wanda ke shirin tattarawa ya dawo, shi ma ka ji ta bakinsa. In lissafi ya fita, ka koma ka yi shekara kana aiki da takardunka a hannu, kuɗin can su kama ɗakin can, sannan ka ɗauki iyali. In guminka na can bai iya kama maka ɗaki ba, kuɗin gado ma jinkirta ranar dawowa kawai za su yi.

Saura mata biyun nan, kuma da su ya kamata in fara.

Maiɗakinka, a ganina, ba Kumasi take so ba, ba ta taɓa ganin ta ba. Abin da ba ta so shi ne ta sake kwanciya a inda ta kwanta bara. Ka zauna da ita ba don ka shawo kanta ba, ka bar ta ta ba ka labarin daren nan daga farko har ƙarshe, ko da ka san shi. Maza mukan ce "sai haƙuri" mu tashi, mu ɗauka an gama. Sannan ka nuna mata abin da za ka canza ko kun tafi ko ba ku tafi ba. Jihar Kaduna tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, KADCHMA, ka je ka ji yadda mai sana'ar hannu ke shiga da iyalinsa. Ku ga likitan mata tun kafin wani cikin, a duba abin da ya faru, a gaya muku tazarar da jikinta ke buƙata. In Allah ya kawo rabo, awo tun da wuri, a asibitin da ke da ɗakin tiyata, da 'yan'uwa biyu da aka gwada jininsu suna jiran kira, da mai mota da ka yi magana da shi, da kuɗin da ba a taɓawa ko injin walda zai ƙone. Wannan bai mai da Kaduna Kumasi ba, na sani. Amma tana buƙatar ta ga mijinta ya ɗauki abin da ya same ta da nauyinsa.

Inna kuwa, shirunta magana ce, kuma ina jin ba tafiyar ce ta fi damunta ba. 'Ya'yan Hausawa sun saba tafiya, ita ma ta san haka. Sayarwar ce. Yau tana zaune a gidan mijinta, tsakanin 'ya'yanta. Ran da ka karɓi kuɗi, ta koma zaune a gidan ɗa guda, kuma ɗayan ba shi da ƙofar da zai dawo ya buɗe ba tare da sallama ba. Yayanka yana iya zama mutumin kirki, ban ce ba, amma gida yana da matar gida, yana da 'ya'ya masu tasowa da za su buƙaci ɗakunan. Ka same ta bayan sallar isha, ka zauna a ƙasa, ka ce mata ka janye maganar sayarwa, za ka je ka gani da idonka ka dawo, kana neman albarkarta. Kada ka aiki kowa, kada ka faɗa a tsaye.

In ka dawo ka rubuto mini abin da ka gani, musamman lissafin kwanakin nan, don akwai masu karanta shafin nan da yawa da ake yi wa irin kiran da ake yi maka. Ka kuma taho wa Inna da goro ɗanye daga kasuwar Kumasi, a naɗe cikin ganye, ka riƙa yayyafa masa ruwa a hanya kada ya bushe kafin Kaduna.